Ƙwayoyin ji na cikin kunne sau ɗaya ake halittarsu, dan Allah a daina wasa da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan sam min fili a wannan jarida tamu, zan ɗan yi tsawo kam amma ka yi haƙuri dani, maganar ta daɗe tana cina a rai.

Rahoton da kuka yi kwanakin baya kan yara kurame da halin da makarantunsu ke ciki shi ya taso ni. Ni malamin bayoloji ne a sakandare, kuma akwai kurma a gidanmu, ɗiyar ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, to kaga abin ya haɗe min biyu, ga allo ga gida. Abinda nake ji kullum a bakin mutanenmu in yaro baya ji shine wai a bari ya girma kunnen zai buɗe da kansa, ko kuma datti ne ya toshe, ko iska ce ta shafe shi. Wallahi wannan maganar ta "zai buɗe" ita tafi komai ci min rai, don na san abinda ke can cikin kunnen kuma na san yadda aka gina shi, kuma ina ganin da mutane sun san yadda aka yi ginin da sun fi haka kaffa-kaffa da shi.

Bari in fara da yarinyar. Lafiya ƙalau aka haife ta, tana da shekara biyu da 'yan watanni har ta iya cewa Umma, ruwa, ban so, kuma in taji ƙarar babur ɗina daga zaure take rugowa. Sai zazzaɓi da gudawa suka kama ta lokacin zafi, aka kai ta wani kemis a unguwa, mai kemis ɗin bai auna nauyinta ba bai tambayi komai ba ya hau yi mata allura safe da yamma har kusan sati biyu, ga yarinya jikinta duk ya bushe babu ruwa. Ta warke daga gudawar aka yi hamdala. Bayan 'yan makonni sai muka lura tana tangaɗi in tana tafiya musamman da daddare, aka ce ai rashin ƙarfi ne na ciwo. Ranar da abin ya bayyana ina wajen, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar sai wata babbar tasa ta suɓuce daga hannun uwar ta faɗi kan siminti daidai bayan yarinyar, kowa ya zabura har kaji suka watse, ita kuwa tana nan tsugune tana wasa da murfin kwalba ko gezau. Na kalli ƙanwata ta kalle ni, babu wanda ya iya cewa komai. Daga nan kalmomin da ta iya suka dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya, Umma ce ta ƙarshe da ta tafi.

Wata takwas aka yi ana hayaƙi, ana ɗiga man shanu da ruwan albasa a kunne, kafin na samu aka yarda muka je asibitin koyarwa. Likitan ya leƙa yace dodon kunnenta lafiya lau, babu datti babu ruwa, ɓarnar tana can ciki kuma duka kunnuwa biyu, sannan ya tambaya ko an taɓa yi mata allurai da yawa a jere. Da aka nemo ragowar kwalbar a cikin kwalla sai ga shi gentamicin ce.

To Malam Edita menene a can cikin? Bayan dodon kunne akwai wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku, bayansu kuma a binne cikin ƙashin kai akwai wani abu mai siffar katantanwa, turawa na ce masa kokliya, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, ya naɗe zagaye biyu da rabi, in da za a warware shi tsawonsa wajen milimita 35 ne. Cike yake da ruwa, kuma a tsawonsa an jera wasu ƙwayoyin halitta masu ɗan tsiron gashi a kansu, layi ɗaya a ciki wajen guda 3,500, layi uku a waje wajen 12,000. Wani ɗan Italiya Alfonso Corti shi ya fara bayyana wannan shimfiɗa a 1851 shi yasa har yau ake kiranta da sunansa. In sauti ya kaɗa ruwan sai gashin ya ɗan karkata, wasu ƙofofi su buɗe a samansa, wutar lantarki ta gudana, jijiya ta ɗauka zuwa ƙwaƙwalwa. Kiran sallah da kukan jariri da muryar mahaifiyarka duk ta kan waɗannan 'yan dubu goma sha biyar ɗin suke bi. Ka kwatanta da ido da yake da ƙwayoyin gani sama da miliyan ɗari, sai kaga lallai jarin kunne kaɗan ne.

Abinda yafi bani mamaki, kuma shi nake so mutane su ji, shine yadda ake wannan ginin. Tun ɗan tayi yana da sati uku da 'yan kwanaki, lokacin da wata macen ma bata gama tabbatar da ɓatan wata ba, fatar gefen kansa take yin kauri a wuri biyu, dama da hagu. Waɗannan ƙwayoyin babu abinda ya raba su da sauran ƙwayoyin fata da farko, da an ƙyale su fata zasu zama. Abinda ya canza su saƙo ne. Ƙwayoyin da ke maƙwabtaka dasu, na ƙwaƙwalwar ƙeya da ke tasowa da na naman da ke ƙarƙashi, suna sakin wasu sinadarai na furotin da ake kira FGF, su kuma waɗannan suna da abin karɓa a jikinsu kamar kwaɗo da mukullinsa, da saƙon ya shiga sai ya kunna wasu ƙwayoyin gado da ke kwance a ciki, shikenan sun ɗauki hanyar zama kunne. Wurin sai ya lotsa ciki kamar an danna yatsa a ƙullin fulawa, ya rufe ya zama 'yar jaka mai ruwa kafin ƙarshen sati na huɗu. An gwada a ɓeraye, in aka cire FGF3 da FGF10 gaba ɗaya jakar ma bata samuwa. A mutane kuma a 2007 likitoci sun bada rahoton wasu iyalai a Turkiyya da FGF3 ɗinsu ya samu matsala, yaran ana haifarsu babu kunnen ciki sam, ga ƙananan kunnuwa ga ƙananan haƙora, don saƙon ɗaya ne yake aiki a duka wuraren.

To jaka ce dunƙulalliya, ya aka yi ta san ina sama ina ƙasa? Nan ma saƙo ne. Ka ɗauki kaskon turaren wuta a ɗaki, wanda ke kusa ƙamshin ya cika masa hanci, na bakin ƙofa kaɗan yake ji, ko an rufe maka ido daga ƙarfin ƙamshin zaka gane inda kake. Haka ƙwayoyin suke yi. Daga sama wani saƙo mai suna Wnt yana saukowa, waɗanda suka sha shi da yawa su suke zama bututun nan uku masu lanƙwasa da ke riƙe mana daidaito kar jiri ya kwashe mu. Daga ƙasa kuma, daga wata igiya da ke kwance inda ƙashin baya zai fito, wani saƙon yana hawowa mai suna Sonic hedgehog, hedgehog ɗin bushiya kenan, an sa sunan ne don tsutsar ƙudan da aka fara gano irinsa a jikinta takan fito da ƙaya-ƙaya kamar bushiya in ya lalace. Waɗanda suka sha wannan da yawa su suke miƙewa su naɗe su zama katantanwa, kuma ɓeran da aka cire masa shi baya yin katantanwar kwata-kwata. Akwai na uku da jiki ke sarrafawa daga bitamin A wanda ke raba gaba da baya, shi yasa maganin ƙurajen fuska da ake kira isotretinoin, da yake dangin wannan sinadarin ne, aka haramta wa mai ciki shi, don yana rikita lissafin a haifi yaro da naƙasar kunne.

Amma inda nafi tsayawa in ina koya wa ɗalibaina shine yadda ake zaɓen wace ƙwaya zata yi gashi wace ba zata yi ba. In ka duba hoton shimfiɗar nan a madubin ƙara girma zaka ga babu ƙwaya mai gashi guda biyu da suke manne da juna, kowace ɗaya an kewaye ta da wasu ƙwayoyi marasa gashi masu tallafa mata, kamar hakimi a tsakiyar dogarai, layi tsaf babu karkata. Waye ya jera su? Su suka jera kansu da iznin Wanda ya halicce su. Da farko duk ɗaya suke, kowace zata iya zama mai gashi. Wadda ta ɗan riga sauran sai ta kunna wata ƙwayar gado mai suna Atoh1, sannan nan take ta fito da wasu furotin a fatarta, Delta da Jagged, su taɓa wani abin karɓa mai suna Notch a jikin duk maƙwabciyar da ke jingine da ita, ma'anar taɓawar kuwa ita ce an riga an naɗa ni, ke ki tsaya a tallafi. Maƙwabciyar sai ta kashe nata Atoh1 ɗin. Wadda ke can gaba da hannu bai kai gare ta ba ita kuma sai ta tashi ta yi nata gashin ta hana nata maƙwabtan, a haka a haka har layin ya cika. Sunan Notch ɗin giɓi yake nufi, tun sama da shekara ɗari aka ga wasu ƙudaje da giɓi a bakin fukafukinsu a ɗakin bincike a Amurka, babu wanda ya zaci abin zai zo ya shafi kunnen ɗan Adam. Shi kuma Atoh1 a 1999 aka tabbatar da aikinsa a ɗakin binciken wata likita haifaffiyar Beirut mai suna Huda Zoghbi a birnin Houston, ɓerayen da aka cire musu shi an haife su da katantanwa amma ko ƙwaya mai gashi ɗaya babu. In kuma aka raunana saƙon Notch sai a samu akasin haka, masu gashi su yi yawa layi ya ƙaru tsarin ya cakuɗe.

Bayan wannan ma akwai saƙon da ke gaya wa kowace ƙwaya ina zata fuskanta, don gashin a jere yake kamar matakala, gajere zuwa dogo, kuma dole dukkansu su kalli gefe ɗaya kamar sahun sallah, in wasu suka juya baya ruwan zai kaɗa amma ba zasu amsa daidai ba. Sannan ita kanta shimfiɗar ba ɗaya take ba daga farko zuwa ƙarshe, a gindin katantanwar siririya ce a ɗaure tamau ita take ɗaukar siririn sauti, can ƙololuwa kuma faffaɗa ce sakwa-sakwa tana ɗaukar mai kauri, duk wanda ya taɓa ganin mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata sauti ya tashi ya saki ya sauka ya gane abinda nake nufi. Georg von Békésy ɗan ƙasar Hangari ya samu kyautar Nobel a 1961 kan gano haka. Kuma ƙwayoyin gindin su suke fara mutuwa, shi yasa zakaji tsoho yace ina jin maganarku amma bana ganewa, amon muryar yana isa gare shi amma su s da sh da ts da f sun zube.

Duk wannan aikin ana gama mafi yawansa kafin ciki ya kai rabi, wajen wata shida kuma ɗan tayi ya fara motsawa in yaji ƙara. Wato ranar da uba ya ɗauki jariri yayi masa huɗuba a kunne, kunnen ya riga yayi watanni yana sauraron bugun zuciyar uwa da muryarta.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun kafin gashin ya fito, ƙwayoyin wannan shimfiɗar suke karɓar umarnin daina rabuwa, wani furotin mai suna p27 shi yake ja musu birki, kuma birkin baya sakuwa har mutum ya koma ga Allah. Fata in ta yanke tana haɗewa, ƙashi in ya karye mai ɗori ya ɗora ya kama, jini kullum sabo ake yi, hanta ma tana tohowa, amma ƙwayar gashin katantanwa in ta mutu maƙwabtanta ne kawai suke matsowa su toshe gurbin da tabo, wata bata fitowa. Waɗanda aka haife ka dasu dasu zaka shiga kabari, sai dai su ragu. Wannan shine abinda likitan ya gaya wa ƙanwata a taƙaice, ni kuma na riga na sani tun a aji amma ban taɓa jin nauyinsa ba sai ranar.

Abin mamaki kaza bata da wannan matsalar. A 1988 wasu rukunin masu bincike biyu a Amurka, Corwin da Cotanche a gefe guda, Ryals da Rubel a ɗaya gefen, suka nuna cewa in ƙara ta kashe wa tsuntsu ƙwayoyin gashi, cikin 'yan makonni sababbi suke fitowa. Yadda abin yake shine da mai gashin ta mutu hannun da ta ɗora kan maƙwabtanta ya ɗauke, saƙon Notch ya yanke, sai ɗaya daga cikin masu tallafin ta kunna Atoh1 ta hau gurbin, wasu kuma su rabu biyu su cike. Kifi ma haka yake yi. Mu da ɓera da akuya da duk mai shayarwa an rufe mana wannan ƙofar a katantanwa. Tun daga lokacin ake ta neman yadda za a buɗe ta, a 2013 a Boston an ba ɓerayen da ƙara ta kurumtar maganin da ke toshe Notch aka samu 'yan sababbin ƙwayoyi da ɗan dawowar ji kaɗan, amma da aka zo gwada irin wannan a mutane sakamakon bai kai yadda aka sa rai ba. Na san wasu sun ga labarin yaran nan na Shanghai a ƙasar Sin da aka buga a farkon 2024, yara shida aka yi wa allurar ƙwayar gado a kunne biyar suka fara ji, har wani ɗan uwa ya turo min a WhatsApp yana cewa ga maganin 'yarku ya fito. Labarin gaskiya ne kuma abin farin ciki ne, amma waɗancan yaran ƙwayoyin gashinsu suna nan da rai, furotin ɗaya ne mai suna otoferlin da ke miƙa saƙo ga jijiya suka rasa aka mayar musu. Wanda nasa suka mutu wannan allurar bata da abinda zata kama. Don haka duk mai maganin da ya tsaya a tasha da lasifika yace yana da ɗigon da ke buɗe kunnen kurma, kuɗinka kawai zai ci.

Sanin wannan ginin kuma yana wanke iyaye mata daga zargi, don na ga yadda ake yi musu. Akwai yaran da ake haifa da farin gashi a goshi ko shuɗin ido kamar na mage, wani ma ido ɗaya baƙi ɗaya shuɗi, kuma basa ji, sai kaji ana ƙus-ƙus wai uwar tayi wanka da magariba ko ta gamu da wani abu a hanya. Likitoci sun san wannan, ciwon Waardenburg ake ce masa. Ƙwayoyin da ke ba fata da gashi da ido launi tafiya suke yi tun daga bayan ɗan tayi su bazu a jiki suna bin saƙo, wasu daga cikinsu katantanwa ake tura su, a can aikinsu shine riƙe bangon da ke tara sinadarin potasiyam a ruwan kunne, wato batirin da gashin ke aiki dashi. In saƙon tafiyar ya samu tangarɗa basu isa goshi ba basu isa ido ba basu isa kunne ba, shikenan. Farar mage mai shuɗin ido ma sau da yawa kurma ce saboda wannan dalilin. Haka kuma akwai wani furotin connexin 26 da ke yin 'yan ƙofofi tsakanin ƙwayoyin tallafi suna miƙa wa juna sinadarai, lalacewarsa na cikin manyan sababin kurumtar gado a duniya, a Ghana akwai wani ƙauye Adamorobe da kurame suka yi yawa saboda shi har garin yana da maganar hannunsa ta kansa. Irin wannan na connexin galibi sai uwa da uba duk suna ɗauke dashi a ɓoye yake fitowa, su kansu suna ji garau, shi yasa gidan da ake yawan auren zumunci kuma aka ga kurma fiye da ɗaya ya kamata a je a nemi shawarar likita kafin a sake haɗa wani, ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba.

Amma gaskiya mafi yawan abinda ke kurumtar da yaranmu ba gado bane. Hukumar Lafiya ta Duniya tace mutum miliyan 430 ne ke da matsalar ji mai buƙatar kulawa, miliyan 34 yara ne, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na matsalar yaran abu ne da za a iya kaucewa. Cutar rubella in ta kama mai ciki a watannin farko, daidai lokacin da ake wancan ginin, uwar ɗan zazzaɓi da ƙuraje kawai zata gani amma jaririn ya fito kurma, kuma akwai rigakafinta. Ƙarancin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, yana hana katantanwa nuna don sai da sinadarin maƙogwaro take ƙarasa girma. Shawara mai tsanani a jariri sabon haihuwa, wadda ake cewa a shanya shi a hantsi kawai, tana taɓa jijiyar ji. Sanƙarau kuwa mu 'yan arewa ba sai an bamu labari ba, duk wanda ya ga annobar 1996 ya san yara nawa suka tashi basa ji. Zazzaɓin Lassa ma wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke yana barinsu da matsalar ji.

Sai allurai. Gentamicin da streptomycin da kanamycin da amikacin duk gida ɗaya ne, kuma kar a fahimce ni ba daidai ba, magunguna ne masu ceton rai, jarirai da yawa suna raye yau saboda gentamicin, in likita ya rubuta a karɓa. Amma awo gare su, gwargwadon nauyin yaro da lafiyar ƙodarsa da adadin kwanaki. Maganin yana shiga ƙwayar ne ta ƙofar nan ta saman gashi da sauti ke buɗewa, ya taru a ciki ya kashe ta, kuma yana daɗewa a kunne bayan an daina allurar shi yasa namu sai bayan makonni muka gani. Akwai ma dangin da ke da wani gado ta wajen uwa da ko allura kaɗan tana iya kurumtar dasu, to in an taɓa samun wanda ya kurumce bayan allura a dangin uwa a faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Mu kuma mun ɗauka in ba a yi wa yaro allura ba kamar ba a yi magani ba, mu da kanmu muke cewa mai kemis yayi masa mai ƙarfi.

Ƙara ma haka. Yaron da aka ajiye a shagon injin niƙa tun safe har dare, mai walda, mai gyaran janareta, jaririn da aka goya aka tsaya dashi gaban sifikun DJ a wajen biki, matasanmu da abin kunne a toshe har barci. Ma'aikatan lafiya sun sa iyaka wajen desibel 85 na awa takwas, desibel ɗin ma'aunin ƙarfin ƙara ne, injin niƙa ya wuce nan. In ka fito daga wuri kunnenka yana ƙugi ko yana shuu, ƙwayoyin ne suka jigata.

Roƙona ga gwamnonin arewa da kwamishinonin lafiya ta hannunka Malam Edita shine gwajin ji ga jarirai. Layukan nan uku na waje ba sauraro kawai suke ba, miƙewa suke suna ƙanƙancewa suna ƙara wa sauti ƙarfi, garin haka kunne mai lafiya yana fitar da ɗan sauti nasa, wani bature David Kemp ya gano haka a Landan a 1978. Da wannan aka ƙera 'yar na'ura da ba ta wuce waya girma ba, nas ma zata iya aiki da ita. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce a gwada kafin wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida, don ita ma ƙwaƙwalwa tana da lokacinta na koyon harshe, in ya wuce da wuya a kamo. Muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, muna da asibitocin koyarwa, me zai hana a horar da ma'aikatan da ke yin rigakafin BCG su haɗa da wannan tunda dama uwa zata kawo jaririn? Yaron da aka gano da wuri ko na'urar ji ce a sa masa, ko dashen na'ura a katantanwa ga mai hali, ko a fara masa maganar hannu tun yana goye shi da uwarsa da 'yan gidan gaba ɗaya, don maganar hannu harshe ce cikakkiya kuma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni. Sannan hukumomin da ke kula da masu sayar da magani su sa ido kan allurar da ake yi wa yara a bayan kanta.

'Yar tamu yanzu shekararta tara, tana makarantar kurame, tana rubutu tana lissafi, ta raɗa min suna da hannu, yatsu biyu take zagayawa a ido saboda tabarau ɗina, ni ma ina koyo a wajenta duk ranar Asabar kuma in na yi kuskure sai ta kama hannuna ta gyara min yatsun. Watan jiya uwarta ta sake haihuwa, namiji. Kafin suna na ɗauke su a mota muka yi tafiyar awa biyu zuwa inda ake gwajin, ita ma yayar ta biyo mu. Jaririn yana barci aka sa masa ɗan abin a kunnen dama, aka koma na hagu, duka bai fi minti biyar ba, ma'aikaciyar ta juyo da fuskar na'urar tace duka biyun sun amsa. Ƙanwata ta fashe da kuka. Yarinyar ta ja rigata tana tambaya da hannu me aka ce, na nuna mata kunnen ƙanin nata na yi mata alamar lafiya, sai ta sunkuya ta sumbaci kunnen.

Na gode da wannan fili, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Malamin bayoloji, daga Zariya